Zaizayewar ƙashi: Sababbin magunguna sun fito, amma wanne zai yi wa tsofaffinmu aiki a Sakkwato?

Da asubahin wata rana cikin hunturu, gwaggona ta fito daga ɗakinta a unguwar Gidan Dahala da ke birnin Sakkwato, riƙe da buta za ta yi alwala. Ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa ta zube a tsakar gida. Irin faɗuwar da jikanta ɗan shekara biyar kan yi sau goma a wuni, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ci gaba da wasa. Ita kuwa ko juyawa ta kasa yi.

Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙashin ƙugunta ya karye. Bayan an yi mata aiki, likitan ƙashi ya yi mana wasu tambayoyi da muka ɗauka ba su da alaƙa da abin da ya kawo mu.

Ta taɓa karaya a baya? Ta taɓa. Shekara uku kafin nan santsi ya kwashe ta, ta dafa ƙasa, wuyan hannunta ya karye. Aka kai ta wurin mai ɗori, ta warke, muka yi hamdala. Tsayinta ya ragu? Ya ragu, bayanta ma ya fara ranƙwafawa, muka ce tsufa ne. Tana shan wani magani a kai a kai? Tana sha, wasu ƙananan ƙwayoyi da take aiken yara su sayo mata a kemis saboda ciwon gwiwa.

Likitan ya bayyana mana cewa waccan karayar ta wuyan hannu gargaɗi ne da jikinta ya yi, muka kasa ganewa. Gwaggo na fama da cutar zaizayewar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis, kuma da an fara yi mata magani tun wancan lokaci, mai yiwuwa da ba a kai ga karayar ƙugu ba.

Gidauniyar Yaƙi da Zaizayewar Ƙashi ta Duniya, IOF, ta ƙiyasta cewa a faɗin duniya mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 da suka haura shekara 50 za su samu karaya sakamakon wannan cuta. A 'yan shekarun nan an samar da magungunan da ke iya sake gina ƙashin da ya zaizaye. Tambayar da ke gaban iyalai irin namu ita ce: wanne daga cikinsu zai iya zuwa har ɗakin tsohuwa a Gidan Dahala, ya kuma ɗore?

Yadda ƙashi ke zaizayewa

Mutane da yawa na ɗaukar ƙashi kamar dutse, wanda da zarar ya ginu shi ke nan. Alhali ya fi kama da gidan laka. Damina na zaizaye shi, rani ya yi a kira magina su yi yaɓe. A cikin ƙashi akwai ƙwayoyin halitta iri biyu: masu rushe tsohon ƙashi, da masu gina sabo a gurbinsa. Aikin ba ya tsayawa dare da rana, har ta kai a cikin shekara goma kusan dukkan ƙasusuwan mutum sun sabunta.

Daga yarinta zuwa wajen shekara 30, magina sun fi masu rushewa ƙarfi, ƙashi na ta ƙara kauri. Bayan haka sai a fara cin abin da aka tara. Ga mata kuwa lamarin kan yi sauri da zarar jinin al'ada ya ɗauke, saboda sinadarin istirojin da ke taka wa masu rushewa birki ya yi ƙasa. A shekarun farko bayan ɗaukewar al'ada, mace na iya rasa kusan kashi 2 cikin 100 na kaurin ƙashinta a kowace shekara.

Cutar ba ta da zafi a farko. Kamar gara ce a cikin azara: daga waje ice lafiya lau, sai ranar da rufi ya rufta. Ya kamata kuma a bambanta ta da abin da muke kira sanyin ƙashi, wato ciwon gaɓoɓi irin na gwiwa da kafaɗa. Shi wannan yana da raɗaɗi kullum, kuma maganinsa daban.

Wuraren da suka fi karyewa uku ne: wuyan hannu da ƙashin baya da ƙugu. Na baya kan lotsa ne a hankali, wani lokaci ba tare da an faɗi ba, shi ya sa mutum ke raguwar tsayi yana yin doro. Na ƙugu shi ne mafi haɗari. Ko a ƙasashen da ke da manyan asibitoci, kusan mutum 1 cikin 5 da ya karye a ƙugu kan rasu cikin shekara guda, galibi saboda abin da doguwar kwanciya ke jawowa: ciwon huhu, daskarewar jini a jijiya da gyambon kwanciya.

A 1994 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin gane cutar ta hanyar na'urar auna kaurin ƙashi da ake kira DXA. Idan makin mutum ya kai -2.5 ko ƙasa da haka, yana da cutar.

Shin ba cutar Turawa ba ce?

An daɗe ana ɗaukar haka, har a tsakanin likitoci. Wani bincike da aka wallafa a 1991 ya kwatanta Ibadan da Ingila, ya samu karayar ƙugu ta yi ƙaranci ƙwarai a Ibadan. Sai dai irin waɗannan alƙaluma na asibiti ne, ba sa ƙirga wanda aka kai wa mai ɗori ko wanda ya kwanta a gida har rai ya yi halinsa. Binciken baya-bayan nan a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Gambiya ya nuna karayar tsufa matsala ce ta gaske a nahiyar, kuma za ta ƙaru. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi hasashen cewa yawan 'yan sama da shekara 60 a Afirka kudu da Sahara zai ninka fiye da sau uku tsakanin 2015 da 2050.

Muna kuma da namu dalilan na gida. Na farko ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci. Wani sanannen bincike da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya gano cewa yaran da ƙafarsu ke gwamewa ko yin baka suna samun kalsiyam kusan miligiram 200 kacal a rana, kuma ba su kalsiyam ya warkar da su fiye da ba su bitamin D shi kaɗai. Babba da ya haura shekara 50 na buƙatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a rana.

Na biyu bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Sakkwato ba ta rasa rana ba, amma tsohuwar da ke wuni a ɗaki saboda zafi ko rashin ƙarfi tana iya rasa shi.

Na uku, wanda shi ne ya taimaka wajen kayar da gwaggo, magungunan siteroyid irin su deksametason da firedinisolon. Suna kwantar da ciwon gaɓoɓi nan take, wasu kuma na shan su don su yi ƙiba. Amma shan su na wata uku ko fiye yana raunana masu gina ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya daina dare ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Likita ne zai rage masa a hankali.

Masu sikila, masu shan taba, masu ciwon ƙoda da matan da al'adarsu ta ɗauke da wuri su ma suna cikin waɗanda ya kamata a sa wa ido.

Tsofaffin magunguna da har yanzu ba su iso mana sosai ba

Magungunan wannan cuta kashi biyu ne: masu dakatar da rushewa, da masu zaburar da gini.

A rukunin farko, wanda aka fi sani shi ne alendironet, mai sunan kasuwa Fosamax, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1995. Ƙwaya ɗaya ce mai miligiram 70 a mako. A gwaje-gwaje ya rage karayar baya da ta ƙugu da kusan rabi ga matan da suka taɓa karaya a baya. Yau kamfanoni da dama na yin sa, don haka shi ne mafi araha.

Yana da ƙa'ida mai tsauri. Da safe ake sha kafin a ci komai, da kofi cike da ruwa zalla, ban da shayi ko koko ko nono. Sannan mutum ya zauna a miƙe ko ya tsaya na aƙalla minti 30, kada ya kwanta ko ya sunkuya, don kada ƙwayar ta ƙona masa maƙogwaro. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sha bayan an idar da sallar asuba, a zauna a kan kujera ana lazimi kafin a karya kumallo.

Ɗan uwansa zoledironet, mai sunan Aclasta ko Reclast, ya fito a 2007. Ta ƙarin ruwa ake ba da shi, na kimanin minti 15 zuwa 30, sau ɗaya a shekara. Babban gwajin da aka yi masa ya nuna ya rage karayar baya da kashi 70 cikin 100, ta ƙugu da kashi 41 cikin 100 a shekara uku. Wani gwajin da aka yi kan mutum sama da 2,000 da aka yi wa aikin karayar ƙugu ya nuna waɗanda aka ba maganin sun samu raguwar mace-mace da kashi 28 cikin 100.

Wani sabon labari game da wannan tsohon magani ya fito a watan Janairun 2025 daga New Zealand. Masu bincike sun bi mata 1,054 masu shekara 50 zuwa 60 na tsawon shekara goma, suka ga cewa ko da sau ɗaya duk shekara biyar aka ba da shi, yana rage lotsawar ƙashin baya. Ga ƙasar da zuwa asibiti ke da wuya da tsada, wannan labari ne mai muhimmanci.

Bayan ƙarin ruwan farko wasu kan yi zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku, wanda a nan za a iya ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne. Ba a kuma ba mai ciwon ƙoda mai tsanani, shi ya sa ake gwada ƙoda kafin a sa.

Allurar wata shida da tarkon da ke cikinta

A 2010 aka amince da denosumab, mai sunan Prolia, na kamfanin Amgen. Allura ce a ƙarƙashin fata sau ɗaya duk wata shida. Tana toshe saƙon da ke tayar da masu rushe ƙashi. A gwajin da aka yi kan mata sama da 7,800, ta rage karayar baya da kashi 68 cikin 100, ta ƙugu da kashi 40 cikin 100.

Da jin haka mutum zai ce ai wannan ita ce ta dace da mu. Amma akwai tarko. Su alendironet da zoledironet suna maƙalewa a ƙashi, suna ci gaba da aiki ko bayan an daina. Denosumab kuwa da ƙarfinta ya ƙare, masu rushewa kan farka da ƙarfi fiye da da. Kaurin da aka tara na iya zubewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu kuma ƙasusuwan bayansu kan lotsa da yawa a lokaci guda.

Saboda haka likitoci ke gargaɗin kada a jinkirta allurar fiye da kusan wata guda, kuma in za a daina, dole a maye gurbinta da alendironet ko zoledironet. A inda kuɗin magani ke fitowa daga karo-karon 'ya'ya, kuma magani kan yanke a kasuwa, fara wannan allura ba tare da shirin ɗorewa ba na iya zama gara jiya da yau.

A Janairun 2024 hukumar FDA ta kuma sa mata gargaɗi mai ƙarfi, cewa tana iya sauke kalsiyam na jini zuwa matakin haɗari ga masu ciwon ƙoda mai tsanani, musamman waɗanda ake yi wa wankin ƙoda.

Magungunan da ke gina sabon ƙashi

Duk waɗanda aka ambata a sama hana zaizaya suke yi. Na farko da ya kira magina bakin aiki shi ne terifaratayid, mai sunan Forteo, da ya fito a 2002. An kwaikwayo shi daga wani sinadari da wasu ƙananan ƙulli huɗu da ke wuyan mutum ke fitarwa. Abin mamaki, idan sinadarin ya yi yawa a jini ba ƙaƙƙautawa yana cin ƙashi, amma idan aka ba da shi kaɗan sau ɗaya a rana sai ya zaburar da gini. Ya rage karayar baya da kashi 65 cikin 100.

Mara lafiya ne ke yi wa kansa allurar kullum, kamar masu ciwon suga, galibi na shekara biyu. A 2017 aka samu makamancinsa, abalofaratayid, mai sunan Tymlos, wanda a gwaji ya rage lotsawar ƙashin baya da kashi 86 cikin 100 cikin wata 18. A 2022 aka amince a ba maza shi.

Maganin da asalinsa ya fito daga Afirka

Mafi sabunta a kasuwa shi ne romosozumab, mai sunan Evenity, kuma labarinsa ya faro ne daga Afirka ta Kudu. A can, a tsakanin Turawan Afirkana, likitoci sun daɗe da sanin wata cuta ta gado da ba kasafai ake samun ta ba. Ƙasusuwan masu ita kan yi kauri fiye da kima, da wuya su karye ko da a mummunan haɗari. Sai dai kaurin na matse jijiyoyin kai, yana jawo kurumta da shanyewar fuska.

A 2001 masana suka gano dalili. Jikin waɗannan mutane ba ya samar da wani sinadari da ake kira sikilarostin, wanda aikinsa shi ne ya ce wa masu gina ƙashi su dakata. Sai aka yi tunanin cewa idan aka toshe wannan sinadari na ɗan lokaci a jikin mai zaizayewar ƙashi, magina za su ci gaba da aiki.

Haka kuwa aka yi. Kamfanonin Amgen da UCB suka samar da maganin, Japan ta amince da shi a Janairun 2019, Amurka a Afrilu, Tarayyar Turai a Disamban shekarar. Aiki biyu yake yi lokaci guda, yana ƙara gini yana rage rushewa. Allura biyu ake yi a zama ɗaya, sau ɗaya a wata, na wata 12 kawai.

A gwajin da aka yi kan mata 7,180, ya rage sabuwar karayar baya da kashi 73 cikin 100 a shekara guda. A wani gwajin na mata 4,093, waɗanda suka fara da shi sannan suka koma alendironet sun samu raguwar karayar baya da kashi 48 cikin 100, ta ƙugu da kashi 38 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda suka sha alendironet shi kaɗai.

Amma a wannan gwaji na biyu an ga ƙarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki a ɓangaren masu sabon maganin. Don haka a Amurka ba a ba wanda ya samu ɗaya daga cikinsu a shekarar da ta gabata, a Turai kuwa ba a ba duk wanda ya taɓa samu. A wurin da hawan jini ya yi katutu, kuma da yawa ba su san suna da shi ba, wannan abin dubawa ne sosai.

Waɗannan gwaje-gwaje sun sauya tsarin magani. Ga wanda haɗarinsa ya yi yawa, misali ya karye sau biyu ko fiye kwanan nan, ƙungiyoyin likitoci yanzu na ba da shawarar a fara da mai gini, sannan a biyo da mai hana rushewa don a riƙe abin da aka gina. In ba a biyo da shi ba, ginin zai sake zaizayewa.

Waɗanda suka faɗi da waɗanda ke tafe

Ba kowane sabon magani ke kai labari ba. Kamfanin Merck ya shafe shekaru yana gwada wani mai suna odanakatib, ya kuma rage karaya, amma a 2016 aka yi watsi da shi saboda ya ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya fi ba ƙasashe irin namu fata shi ne ƙarewar wa'adin mallakar wasu daga cikin magungunan, wanda ke ba sauran kamfanoni damar yin irinsu a rahusa. A Maris na 2024 hukumar FDA ta amince da na farko mai kama da Prolia, mai suna Jubbonti, na kamfanin Sandoz, wasu kuma sun biyo baya. Akwai kuma makamantan Forteo da ake yi a Turai da Indiya, ƙasar da Najeriya ke sayo magunguna da yawa daga cikinta. Ana kuma ci gaba da gwajin mayar da allurar kullum mai gina ƙashi ta zama ƙwayar haɗiya.

Zafi da wuta da kuɗi

Duk wanda ya san Sakkwato a watannin Maris zuwa Mayu ya san zafi kan haura digiri 40. Prolia da Evenity da Forteo duk a firji ake ajiye su, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ko waɗanda aka yarda a fitar na ɗan lokaci, sharaɗin shi ne kada zafin ɗaki ya wuce digiri 25. Forteo kuwa dole ya koma firji bayan kowace allura. A gidan da wuta ke wuni ba ta zo ba, maganin na iya lalacewa ba wanda ya sani. Ƙwayar alendironet da kwalbar zoledironet ba sa buƙatar firji.

Sai kuɗi. Lokacin da Evenity ya fito a Amurka, farashinsa dala 1,825 ne a wata, wato dala 21,900 na wata 12. Ko a Ingila, hukumar da ke tantance magungunan da gwamnati za ta biya sai a 2022 ta amince da shi, kuma ga matan da suka samu babbar karaya cikin shekara biyu da suka wuce.

Na'urar DXA ma kaɗan ce a Najeriya. Amma rashinta ba ya hana magani. Ƙa'idojin likitanci sun yarda cewa idan wanda ya haura shekara 50 ya karye a ƙugu ko baya daga faɗuwar da ba ta wuce tsayinsa ba, ana iya fara masa magani ko ba a auna ba. Akwai kuma manhajar FRAX da Jami'ar Sheffield ta Ingila ta fitar a 2008, wadda ke lissafa haɗarin karaya na shekara goma daga shekarun mutum, nauyinsa, tsayinsa da tarihinsa.

Tsakanin mai ɗori da likita

A ƙasar Hausa, mai ɗori ne mutum na farko da akasari ke ganin karaya. Sana'a ce ta gado, jama'a sun yarda da ita, tana kusa, kuma ana biya gwargwadon hali. Amma karan ɗori na haɗa ƙashin da ya karye ne kawai, ba ya taɓa cutar da ta karya shi. Karayar ƙugu kuwa galibi aiki take buƙata cikin gaggawa, don mutum ya tashi daga kwanciya da wuri.

Wanda ya samu karayar farko, haɗarin ta biyu kan ninka kusan sau biyu, kuma ya fi yawa a shekara biyu na farko. Da wannan dalili ne aka kafa wani tsari a Glasgow ta Scotland a 1999: duk ɗan sama da shekara 50 da ya zo asibiti da karaya, akwai ma'aikaciyar jinya da ke bin sa, ta duba ko zaizayewar ƙashi ce, ta tabbatar an fara masa magani. Yau ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin.

Sakkwato na da wuraren da za a iya dasa irin wannan: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwararru na jiha da Asibitin Ƙashi na Wamakko. Abin da tsarin ke buƙata ma'aikaci ne da rajista da lambar wayar iyali. Da za a jawo masu ɗori a jiki, su riƙa tura duk dattijon da ya karye daga ƙaramar faɗuwa ya ga likita bayan ɗori, da an kama mutane da yawa tun a karayar farko.

Me iyali za su yi?

Idan mahaifiya ko mahaifi da ya haura shekara 50 ya karye daga faɗuwar tsaye, a kai shi asibiti a tambayi likita kai tsaye ko zaizayewar ƙashi ce, ko da ɗori ya yi kyau. Haka in tsayinsa ya ragu da santimita 4 ko fiye, ko bayansa ya fara ranƙwafawa. Kada a yanke hukunci a gida, domin tarin fuka na ƙashin baya da wasu nau'o'in kansa su ma suna lotsa baya.

A kwashi duk magungunan da yake sha a nuna wa likita, har da na kemis da na gargajiya. Kafin a fara magani a gwada ƙoda da kalsiyam na jini, a kuma duba haƙora, saboda a wasu lokuta da ba su da yawa waɗannan magunguna kan hana ƙashin muƙamuƙi warkewa bayan cire haƙori. Kada a sayi ko ɗaya daga cikinsu ba da takardar likita ba, a kuma duba lambar NAFDAC. Kafin a yarda da allurar wata shida, iyali su zauna su lissafa ko za su iya ɗorewa.

Ƙwayar kalsiyam ita kaɗai ba ta maganin cutar in ta riga ta kama, amma magani ba ya aiki yadda ya kamata in babu kalsiyam da bitamin D. Nono da kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu duk suna da kalsiyam. A bar tsoho ya sha hantsi, ya riƙa takawa kullum gwargwadon ƙarfinsa. 'Yan mata kuma a kula da abincinsu, domin kafin shekara 30 ake tara ƙashin da za a ci a tsufa.

Gwaggo dai ba Evenity ta samu ba. Bayan an gwada ƙodarta, an kuma janye mata ƙwayoyin kemis a hankali, likita ya zaɓa mata ƙarin ruwan shekara-shekara. Ta yi zazzaɓin kwana biyu bayan na farko, har muka fara neman maganin sauro kafin mu tuna an gargaɗe mu. Yanzu tana takawa da sanda zuwa zaure. 'Ya'yanta sun sare dokin ƙofar, sun sa fitila mai aiki da hasken rana a tsakar gida, sun kafa mata ƙarfen dafawa a banɗaki.

Ranar ƙarin ruwa ita ke tuna mana: mako guda bayan Babbar Sallah. Babbar 'yarta, mai shekara 51, wadda al'adarta ta ɗauke bara, ta ce a bana tare za su tafi, ita ma likita ya duba ta.